Fuskar Murja, Jarin Alhaji

Gari na wayewa Hajiya Tabawa take jawo robarta tsakiyar falo. Ta matse 'yan bututun mai a ciki, ta tsiyaya wani farin ruwa daga kwalbar da ba ta da suna, ta ƙara lemon tsami, sannan ta kama juyawa da muciya kamar mai tuƙa tuwon biki. Warin yakan riga rana shiga ɗakunan benen nan na unguwar 220 Logements a Abidjan. In ya yi kauri sai ta ɗaga murya.

"Murja! Fito, ya haɗu."

Murja ta fito da zane ɗaure a ƙirji, ta zauna a kan 'yar kujera. Ta miƙa hannun dama, ta miƙa na hagu, ta ɗaga haɓa. Hajiya Tabawa yayar mijinta ce, kuma hannunta da nauyi. Tana shafa mai kamar mai yaɓen katanga: wuya, ƙeya, bayan kunne, tsakanin yatsu.

"Na yau da zafi, Hajiya."

"Zafin shi ne aikin. Man da ba ya cizo ai man gyaɗa ne."

Ita Hajiyar baƙa ce wuluk, kuma da leda take naɗe hannunta kafin ta taɓa haɗin. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ka'idar gidan ke nan. Duk sabon haɗi, a jikin Murja ake fara gwada shi. In ta ƙara haske, a ɗura a kwalba. In ta yi ƙuraje, a rage wani abu a sake gwadawa gobe. A Adjamé mace ba ta sayen man canza fata, wanda suke kira caco, don an yi mata rantsuwa. Fuskar mai sayarwa take dubawa. Alhaji Ukasha, mijin Murja, ya gane haka tun ranar da kasuwar atamfa ta karye masa, shi ya sa bai nemi yarinyar shago ba. Cewa ya yi, wane sakarai ne zai ɗauki hayar allon talla alhali yana da shi a gida?

Ran nan yana zaune gefe da shayinsa da burodi. Ya ture kofin, ya zaro goro huɗu daga aljihu ya jera a kan tire.

"Ku ba ni hankalinku," in ji shi. "Babanmu dillalin shanu ne, Yaya kin sani. Ni abin da na gada a wurinsa shi ne, kasuwa saniya ce. Ƙafa huɗu gare ta. Wanda ya tsaya da ɗaya, iska ma sai ta kayar da shi." Ya ɗora yatsa a kan goron farko. "Wannan man namu ne, a Roxy, nan Adjamé, inda aka san mu. Wadda ke sayen kwalba ɗaya an sa ta tana sayen biyu. Wannan ƙafa ta tsaya." Ya tura na biyu can bakin tire. "Wannan kuma man nan ne dai, amma mu ƙetare gada da shi. Treichville. Matan 'yan tashar jirgi, matan ofis. In ya kama can, sai Bouaké, sai Korhogo."

"Sauran biyun fa?" in ji Hajiya Tabawa, hannunta na kan wuyan Murja.

"Sabon kaya ga waɗanda suka saba saye a wurinmu. Da sabon kaya ga waɗanda ba su taɓa jin sunanmu ba. Lokacinsu bai yi ba tukuna."

Ya mayar da biyun aljihu, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki.

"Alhaji," in ji Murja, "in an buɗe Treichville wa zai zauna?"

"Fuska nawa muke da ita a gidan nan? Da safe Roxy, da la'asar can."

A Roxy an yi mata doguwar kujera a bakin shago, ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ke ci har da rana tsaka. Motocin hayar da ake kira gbaka na tsayawa, yaran mota na kururuwar sunayen unguwanni, Abobo da Yopougon, mata na sauka su nufo ta kai tsaye. Tanti suke kiranta, wato gwaggo, amma ba sa gaishe ta sosai. Su kama hannunta su kara da nasu. Wata ta lashi yatsa ta goga mata a kunci, ta duba ko hoda ce. Wata ta karce ta da farce.

"Tanti, nuna mana gwiwa."

Ta ɗaga zane ta nuna.

"Ƙafa fa?"

Ta cire takalmi.

"Kai! Har ɗan yatsa. Ba ni biyu."

Da farko takan ji kunya. Daga baya ta daina ji. Takan kafa idonta a kan mai gashin ayaba da ke tsallaken titi, ta bar su su gama.

Da aka buɗe rumfar Treichville sai rana ta shigo cikin maganar. Ana azahar take shiga woro-woro, tasin haɗaka, a cusa su kamar kifin gwangwani, a hau gada. Ranar da ke dukan ruwan da ke ƙarƙashin gadar ta dawo ta dake ta ta taga. Kafin ta sauka kuncinta ya yi ja kamar tattasai, yana raɗaɗi. Ta gaya wa Alhaji. Washegari ya dawo mata da laima, ya miƙa mata yana cewa ta riƙa kula, kaya in rana ta dake shi daraja yake ragewa.

A wannan shekarar ce ya kai ta gidan hoto kusa da kasuwa. Aka ɗaura mata gwaggwaro, aka ara mata sarƙa, mai hoto ya ce ta yi murmushi, ta yi. Aka buga hoton a takardar da ake mannawa jikin kwalba, aka rubuta Man Tanti Murja. Direbobin manyan motoci suka ɗauke shi zuwa arewa. Fuskarta ta je Bouaké, ta je Korhogo, har an ce an gan ta a Bobo, can ƙetaren iyaka. Ita kuwa ba ta taɓa wuce Adjamé da Treichville ba.

Matan Treichville sun fi na Roxy ido. Su gaɓoɓin yatsu suke dubawa, don nan ne baƙi yake maƙalewa ya tona asirin mai caco. Alhaji ya dawo gida ya ce a yi haɗi na musamman mai ƙarfi, na yatsu da gwiwar hannu. Hajiya Tabawa ta haɗa, ta lafta wa Murja, ta naɗe mata hannu da leda ta ce kar ta kwance sai rana ta ɗaga. Da aka kwance, fatar ta biyo ledar.

"An yi yawa," in ji Hajiya. "Gobe a rage."

"Allah ya sa a gida aka gani," in ji Alhaji. "Da a hannun mai saye ne, da sunanmu ya ɓaci."

Murja ta sa safar hannu har wurin ya warke. Da ya warke ya fito fari tas, mata suka yi ta rububin sabon haɗin.

Jikin ya fara magana a hankali. Jijiyoyi kore suka fito mata a cinya da damtse kamar an zana su da alƙalami. Nankarwa ta tsaga mata kafaɗa, faɗin yatsa. In ta yi gumi wani wari yake tashi, irin na kwandon kifin da ya kwana, har ta riƙa ganin wanda ke kusa da ita a mota yana juya kai. In sauro ya cije ta, wurin ya zama tabo ya zauna. Da safe ta miƙa hannun dama, ta miƙa na hagu.

Wata la'asar tana sauka daga woro-woro, bakin ƙofar ya shafi ƙwaurinta. Shafa ce kawai, wadda ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Fatar ta buɗe kamar an tsaga leda. Direban ya ɗaga hannu yana rantsuwa ba shi ya yanke ta ba. Wata mai sayar da aceke, dambun rogo, ta ɗaure mata wurin da ɗankwali, ta raka ta wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa.

Malamar asibitin ta soka allura ta ja zare, zaren ya keta fatar ya fito. Ta sake, ya sake ketawa. Ta ajiye allurar ta dubi Murja.

"Madam, kamar jiƙaƙƙiyar takarda nake ɗinkawa. Tun yaushe kike shafawa?"

"An daɗe."

"Ki daina. Yau ƙwauri ne. Ran da za a buɗe miki ciki, haihuwa ko wata larura, me za mu kama mu ɗinka? Ga kuncinki ma ya fara shuɗi. In wannan ya zauna ba ya tashi. Abin da ya rage miki na fata kaɗan ne, ki cece shi."

Ta manne ciwon da filasta, ta ce yako, yadda mutanen ƙasar ke yi wa mai ciwo sannu.

Washegari da rana Alhaji yana cin shinkafa, Murja ta zauna nesa da shi ta maimaita masa maganar, ba ta ƙara ba ta rage ba.

"Malamar nan baƙa ce ko fara?"

"Baƙa ce."

"To, kin ji. Hassada." Ya tauna nama. Da ya ga ba ta tashi ba sai ya sassauta murya. "Ni ba na ƙi ba ne, Murja. Jikinki ai nawa ne, wa zai fi ni son lafiyarsa? Amma dubi lokaci. Sallah ta ƙarato, yanzu ne mata ke gyara. Bari a wuce sallah."

Aka wuce sallah. Ya ce bari Treichville ta tsaya da ƙafarta. Ta tsaya. Ya ce ga Kirsimeti, matan coci ma mutane ne. Aka wuce Kirsimeti, ya ce wani ɗan Mali ya buɗe shago kusa da nasu ya zaunar da wata farar yarinya, in suka yi sake yanzu an gama da su. Kowane wata da uzurinsa, kuma kowane uzuri in ka saurara kamar gaskiya.

Sai Murja ta yanke wa kanta shawara, karo na farko. In Hajiya ta gama shafe ta, sai ta shiga banɗaki ta wanke da ruwan sanyi. Ba a yi nisa ba fuskar ta kumbura. Ƙaiƙayi ya taso mata tun daga goshi har ƙirji, kamar an zuba mata tururuwa a ƙarƙashin fata. Baƙi ya fara dawowa, amma ba irin nata na da ba. Dabbare-dabbare ya fito, kamar gindin tukunyar da aka kankare rabi aka bari.

Hajiya Tabawa ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske.

"Wankewa kike yi."

Hajiya ta saki haɓar.

"Kin ga abin da kika ja wa kanki? Mai yana riƙe da ke, ke kin sake shi. Malamar taki ta gaya miki wannan? Ukasha! Zo ka ga aikin matarka."

Ya zo ya gani. Bai zage ta ba. Cewa ya yi a ninka mata haɗin, kuma Hajiya ta riƙa zama da ita har ya shige jiki. Aka ninka. Kumburin ya sauka, ƙaiƙayin ya kwanta, suka ce ka gani. Shuɗin kuncin ne bai tafi ba. Faɗi ya ƙara.

Murja tana da wa a Treichville, Sharhabilu, mahauci ne a layin 'yan nama. Wata la'asar ta bar rumfa ta je ta same shi yana sarar ƙashi. Ya goge hannu, ya ba ta benci. Ta naɗe hannun riga ta nuna masa, ta ɗaga zane ta nuna masa ƙwaurin da har yanzu yake ruwa.

Ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana feɗe fata.

"Murja, fatar da ta yi haka ko majemi ba ya karɓa."

"Shi ya sa na zo, Yaya. Ka yi masa magana. Ko ka bar ni in zauna wurinku in warke."

Ya kori ƙuda daga kan tebur. Ya gyara wata cinya da ba ta buƙatar gyara.

"Yana dukanki?"

"A'a."

"Yana barinki da yunwa? Ya hana ki sutura?"

"A'a."

"To in na je in ce masa me? In ce ya daina shafa wa matarsa mai? Dattawan unguwa dariya za su yi mini. Kuma ke ma kin sani, matata man nan take sayarwa a Port-Bouët, da shi ake cefane ran da kasuwar nama ta ƙi. Nan ba gida ba ne, ƙanwata. A ƙasar mutane muke, in ba mu rufa wa juna asiri ba wa zai rufa mana? Ki yi haƙuri. Komai lokaci ne."

Ya yanko hanta ya naɗe mata a takarda, ya ce ta gasa ta ci, tana ƙara jini. Ta karɓa ta yi godiya. Ta koma ta hau kujerarta.

Ranar da abin ya ƙare ba wata babbar rana ba ce. Wata mata ce ta sauko daga gbaka a Roxy da tsohuwar kwalba a hannu. Ta dubi hoton, ta dubi Murja, ta sake duban hoton. Hodar da Hajiya ta lafta mata da safe gumi ya wanke ta, shuɗin ya fito fili daga gefen ido har haɓa.

"Wannan ce ta hoton?" Matar ta kwashe da dariya, ta kira ƙawarta. "Zo ki ga! Fuska Fanta, kunci Koka!"

Suka tafi ba su sayi komai ba. Alhaji yana cikin shago, ya ji.

"Sauko," in ji shi. "Je ki gida."

Washegari ya sa aka faɗaɗa hoton nan, aka yi masa gilashi, aka jingina shi a kan doguwar kujerar, ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ya ja da baya ya dube shi ya gyaɗa kai. Ya ce da ya san haka tun farko da ya huta, hoto ba ya gumi, ba ya zuwa asibiti.

Murja ta ɗauka an sallame ta. Sai aka ba ta ɗakin baya, da tulin kwalabe, da kwanon ƙullu na manna takarda. Ta ɗauki hotonta, ta shafa masa ƙullu, ta manna, ta danne fuskar da babban yatsa har ta kwanta sumul. Ta ɗauki wani. Hajiya ta daina kiranta da safe. Amma fatar ta riga ta saba. In ba a ba ta ba sai ta kama wuta. Don haka in an gama ɗura kwalabe, Murja da kanta take jawo robar ta suɗe abin da ya rage a gindi ta shafa. Babu wanda ya sa ta. Alhaji yakan faɗi haka in magana ta taso: ai da kanta take shafawa.

Ana nan yaƙi ya ɓarke, ƙasa ta rabu biyu. Aka toshe hanyar arewa, manyan motoci suka daina wuce Yamoussoukro, kwalabe suka taru har rufi. Mutane na maganar harbe-harbe da shingen sojoji, Alhaji na maganar ƙafar saniyarsa da ta karye. Ya yi kwanaki ba ya gama shayinsa. Daga nan ya shirya ya ce zai tafi umara, zai biya ta Dubai.

Ya dawo da diloli. Da safe ya sa aka kwance ɗaya a falo, baƙin yadi ya zubo: niƙabi, dogon hijabi, safar hannu, safar ƙafa, da gwangwanayen wata hoda mai kauri kamar siminti. Ya aika aka kira Murja daga ɗakin baya. Ga tire, ga goro.

"Ƙafa ta uku," in ji shi, fuskarsa na sheƙi. "A harami tunanin ya zo mini, wallahi. Yaya, matan da suka fara sayen manmu a Roxy, ina suke yanzu?"

"Sun daina zuwa. Aike suke yi."

"Don me suke aike? Don ba sa iya fita. Ga su nan cike da gari, Adjamé, Abobo, Koumassi, kowace tana ɓoye a ɗaki. Mun san su, sun san mu, ba sai mun yi talla ba. Musulma ta sayi niƙabi, wadda ba Musulma ba ga hoda da safar hannu. Duk wadda ta sayi mai yau, ki rubuta ki ajiye, mai sayen mayafi ce gobe. Kasuwa ce mai haifar 'yarta."

"Alhaji," in ji Murja. Muryarta ta dushe don rashin amfani. "Mu fa muka ɓata su."

"Mu? Na taɓa danne wata na shafa mata?"

Murja ta dube shi. Ta dubi Hajiya. Hajiya tana warware safar hannu tana duba ɗinkinta. Shi kuwa ya riga ya zaro niƙabi ɗaya yana karkaɗewa.

"Zo in gwada miki. Ke za ki zauna. Mai sayarwa sai ta sa abin da take sayarwa, kin san ka'ida."

Aka raba rumfar Treichville biyu. Hagu mai, da hoton Tanti Murja, Hajiya Tabawa na tsaro. Dama baƙin yadi, da wata mata a zaune ba a ganin komai nata sai ido. Babu wanda ya san mutum ɗaya ce.

A masallaci aka yi ta yi wa Alhaji barka. Aka ce umara ta karɓe shi, ya dawo ya killace iyalinsa. Wani dattijo ya ce da kowa zai yi koyi da Ukasha da an huta. Sharhabilu ya wuce ta gaban rumfa da kan saniya a kafaɗa, ya ce, "Kin ga haƙuri ya yi rana, ƙanwata."

Zafin Abidjan ba ya jin kunyar baƙin yadi. Gumi ya taru a ƙarƙashin niƙabin ya shiga tsagar fata kamar gishiri. In ta dawo gida yadin ya manne da kunci, sai ta jiƙa shi da ruwa take iya ɓamɓarewa. Mata suna zuwa, su ja bakin hijabin su murza, su ɗaga hannunta su ga yadda safar ta zauna, su ce ta juya. Ta juya. Ta gane da yawa daga cikinsu ta murya. Waɗanda suka taɓa karce ta da farce ne.

Wata la'asar wata budurwa ta tsaya a ɓangaren hagu. 'Yar makaranta ce, baƙa mai sheƙi, fatarta kamar an goge ta da man kaɗe. Ta karɓi kwalba daga hannun Hajiya, ta tsaya tana kallon hoton.

"Tanti ɗin nan tana nan da gaske? Ina son in gan ta."

"Tana Dubai," in ji Hajiya. "Wani balarabe ya so ya aure ta, mijinta ya hana."

Murja ba ta shirya ba. Ba ta ji fushi ba, ba ta ji zuciyarta ta buga ba. Hannunta ne kawai ya tashi ya kama bakin niƙabin ya ɗaga shi har goshi, ya fizge inda ya manne.

"Ga ta," in ji ta. "Ni ce."

Matan da ke zaɓen hijabi suka juyo. Kuncin ya zama shuɗi mai duhu, da ƙananan ƙulli kamar tsakuwa, goshi ja, gefen baki ya tsage yana tsatsar ruwa, wasu 'yan gashi sun tsiro a haɓa. Budurwar ta ja da baya ta taka ƙafar wata.

"Dubi da kyau, 'yata. Abin da ke cikin kwalbar nan ke nan. A jikina aka fara gwada shi."

"Sauke, mahaukaciya!" in ji Hajiya a hankali, haƙora a cije.

Ba ta sauke ba. Wata mata mai jiki, wadda ta rufe rabin fuska da ɗankwali, ta matso ta leƙa. Sai ta janye ɗankwalinta. Kuncinta irin na Murja ne sak.

"Yako, Tanti," in ji ta. "Ashe ke ma. To wallahi da kina rufe ban ga komai ba, kamar ba ke ba. Yana rufewa haka har gefen ido? Ba ni biyu."

Ta bayanta ta ce a ba ta ɗaya, da safar hannu. Wata ta ce ita za ta je ta kira ƙanwarta. Kafin a kira magariba dilar ta yi rabi.

Budurwar tana tsaye da kwalba a hannu. Ta dubi Murja, ta dubi hoton. Ta buɗe jakarta ta saka.

"Ni kaɗan-kaɗan zan riƙa shafawa," in ji ta. Ta wuce.

Murja ta sauke niƙabin.

Hajiya ta riga ta isa gida da labari, tana jiran a yi tashin hankali. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi abin da ya rage a dila. Da aka gaya masa sai ya bushe da dariya har da buga cinya.

"Ni ban yi wannan tunanin ba! Gani ya kori ji. Murja, ashe kina da kan kasuwa. Ki riƙa ɗagawa, amma ba kullum ba, sai mata sun taru. Yaya, ke kuma ki matsar da teburin mai can ƙarshen layi, kada su riƙa haɗa biyun."

Murja ta shiga banɗaki ta jiƙa yadin.

Bayan 'yan kwanaki, gari na wayewa, ta ji muryar da ta daɗe ba ta ji ba a wannan lokacin.

"Murja! Fito."

Ta fito cikin hijabinta. Babu roba yau, babu muciya. Hajiya tana zaune da wata doguwar kwalba mai ruwa ja mai kauri, da cokali. Alhaji yana gefe da shayinsa. Goro ɗaya ne a kan tire.

"Ta huɗu," in ji shi. "Maganin ƙara ƙiba. 'Yan matan Marcory da Yopougon yanzu ƙugu suke nema, ko nawa ne za su biya. Ba su san mu ba, mu ma ba mu san kayan ba, shi ya sa sai an gwada a gida tukuna. In ya karɓe ki, sai a ɗinka miki hijabi mai ɗan kama jiki."

Ya dube ta daga kafaɗa zuwa ƙafa, irin kallon da babansa ke yi a kara kafin ya yi tayi.

"Fuska ce ta ƙare," in ji shi. "Ai jiki na nan. Babanmu yakan ce ba a zubar da komai a jikin saniya."

A ƙasa gbaka sun fara kiran Abobo. Hajiya ta tsiyaya maganin a cokali har ya kusa zuba, ta tara hannu a ƙarƙashinsa.

Murja ta zauna a kan 'yar kujera. Ta ɗaga niƙabi. Ta buɗe baki.